Masu Renon Kiristal

Da safe idan mai wannan sana'a ya shigo ɗakin bincike, abin da yake fara ɗaukowa shi ne wani faifan roba mai ƙananan ramuka a jere. Sai ya ɗora shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. A bakin kowane rami akwai ɗigon ruwa da bai fi ƙwayar gero ba, rataye a jikin gilashi, kuma a cikin ɗigon akwai furotin da ya sha wahalar tacewa, gauraye da ruwan gishiri. Fatansa ruwan ya riƙa tsanewa sannu a hankali har ƙwayoyin furotin su jeru sahu-sahu su zama kiristal, kamar yadda gishiri ke bayyana idan ruwa ya ƙafe. Yawancin ranaku guguwar laka kawai yake tararwa. Sai ya canza gishiri, ya rage zafi, ya sake haɗi. Wani furotin kan ba da kai cikin kwana biyu, wani kuwa ya shekara yana gardama.

Dalilin wannan wahala shi ne, furotin sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi iri 20 da ake kira amino asid, wadda ke naɗewa ta ɗauki wata siffa tata ta kanta. Siffar nan ce ke yanke aikin da zai yi a jiki, kamar yadda haƙoran mabuɗi ke yanke ƙofar da zai buɗe. Madubin ƙara girma na gama-gari ba ya iya nuna ta. Shi ya sa idan kiristal ya samu, ake kamfato shi da ɗan zoben zare, a daskarar da shi cikin ruwan nitirojin, a harba masa hasken eksire, irin na hoton ƙashi. Hasken ya warwatse ya bar ɗigo dubbai a kan allo, daga wurin da kowanne ya faɗa da kuma ƙarfinsa ake lissafo mazaunin kowace ƙwayar zarra.

Magabatan sana'ar sun yi wannan lissafi ne tun kwamfuta ba ta yi ƙarfi ba. Max Perutz ya fara aikin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a jini, a jami'ar Kambirij a 1937, da jinin doki. Sai a 1953 ya gano cewa maƙala wa furotin ƙwayar zaiba na buɗe hanyar lissafin, sai kuma a 1959 siffar ta bayyana. Shekara 22 ke nan a kan abu ɗaya. Dorothy Hodgkin ta fi shi daɗewa: ta kama aikin insulin a 1934, ta kammala a 1969, alhali ciwon sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa mata yatsu. Tana ƙasar Gana labarin kyautar Nobel ya riske ta a 1964.

Ni dai abin da ya ɗaura min wannan sana'a a zuciya shi ne sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da ita, kuma duk wanda ya taɓa raya dare a gefen gadon yaron da ciwon ya taso wa, ya san ba tatsuniya ba ce. Himogulobin sarƙa huɗu ce, mai amino asid 574. A 1956 da shekarar da ta biyo, Vernon Ingram, a ɗakin bincike ɗaya da Perutz, ya nuna cewa bambancin mai sikila da mai lafiya ƙwaya ɗaya ce tak: a gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta, amino asid mai suna balin ya maye gurbin gulutamik asid. Shi balin ba ya shiri da ruwa, kullum neman maɓoya yake. Da zarar himogulobin ya sauke iskarsa, siffarsa takan ɗan juya, wani ɗan lungu ya buɗe a jikinsa, sai balin na maƙwabcinsa ya cusa kai a ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna da ke tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Kukan yaron nan daga wannan lungu ya faro, kuma masu renon kiristal ne suka nuna wa duniya lungun.

Yanzu sana'ar ta canza fuska. Rumbun da ake tara siffofin furotin ya buɗe a 1971 da siffa bakwai kacal, yau sun haura 200,000, kuma da su aka koyar da manhajar AlphaFold mai hasashen siffa cikin ɗan lokaci. Amma mai haɗa magani yakan so ya ga yadda maganinsa ya zauna a cikin lungun da idonsa, don haka faifan robar na nan daram.

Abin da ke ci min rai shi ne tushen hasken. Mafi kyawunsa daga wata ƙatuwar na'ura mai da'ira yake fitowa, wadda ake kira sinkuroturon, kamar ta Diamond a Ingila da ta birnin Grenoble a Faransa. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta da ko ɗaya. Ɗalibar da ta reni kiristal ɗinta a Zariya ko Akra, dole ta rufe shi a tulun sanyi, ta nemi gurbi a jadawalin wasu, ta sa shi a jirgi.