Ko Ka Sani? Fitilar 4WD Tana Iya Yi Maka Ƙarya

Ko ka san tsohuwar jip za ta iya kunna maka fitilar 4WD a gaban sitiyari alhali tayoyi biyu ne kacal ke jan ta? Direban da ya bar Maiduguri ya nufi Gubio ko Monguno yakan gano haka ne bayan ya sauka daga kwalta, mota ta kafe a yashi, tayoyin baya na haƙa rami, na gaba kuwa ko gezau. A wajajen Dikwa da Ngala abin ya fi muni, domin baƙar lakar nan ta firgi idan ta sha ruwan damina ba ta sakin mota cikin sauƙi.

Dalilin shi ne ƙarfin inji sai ya ƙetare ƙofa biyu kafin ya isa tayoyin gaba. Ta farko ita ce ƙaramar giya, mai 2H da 4H da 4L, wadda ke tura ƙarfi cikin farfelar gaba. Ta biyu tana can bakin taya. A Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, da tsofaffin Hilux, makulli ne a cibiyar taya da ake murɗawa da hannu daga FREE zuwa LOCK. A yawancin irin waɗannan motoci fitilar labarin ƙofar farko kawai take bayarwa. Idan makullin bai kama ba, farfela sai ta yi ta juyin banza.

Gogaggen bakanike ba ya kwance komai sai ya ɗauko jak. Zai kashe mota a wuri mai tauri, ya tokare tayoyin baya, ya kulle makullan biyu, ya ɗaga tayar gaba guda ɗaya. Giya tana 2H, sai ya juya tayar da hannu yana leƙen ƙasan mota. Idan farfelar gaba ta juya tare da ita, makullai lafiya lau. Idan ta tsaya cik, ciwon yana wajensu. Sai ya mayar da giya 4H ya sake gwadawa. Yanzu ya kamata tayar ta cije. In har tana juyawa ita da farfela, to ƙaramar giya ce ba ta shiga ba. Gwajin bai kai tsawon shan shayi ba, amma sau da yawa sai ka ga an sauke giya ɗungurungum, an caji mai mota kuɗi masu kauri, alhali busasshen giris ne ya cakuɗe da ƙurar hunturu ya hana makulli motsi.

Wasu tsofaffin Pajero da 4Runner ba su da makullin hannu. Zuƙar iska daga inji ce ke haɗa gaban ta wasu siraran tiyo na roba. Zafin Afrilu a Borno yakan wuce digiri 40, roba kuwa ba ta jure shi shekara da shekaru. Tiyo ɗaya ya tsage, sai fitila ta yi ta ƙiftawa.

Akwai kuma laifin direba. Wanda ya bar 4H a kan kwalta, ko ya sa tayoyi masu bambancin girma, zai ji mota na turjewa a kwana, giyar kuma ta ƙi fita. Kada a yi mata dole: a ɗan ja da baya, za ta saki da kanta. Rashin amfani ma cuta ne, shi ya sa littafin Toyota na motoci masu makullin hannu ya ce a riƙa tafiyar kilomita 16 duk wata da makullan a kulle, domin mai ya zagaya.

Ga mai shirin sayen jip ta hannu a Maiduguri, ga ƙarin abin dubawa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, motoci da dama sun kwana cikin ruwa a Gwange da kewayen Kasuwar Monday. Mai yiwuwa an canja musu baƙin mai, an manta da na ƙaramar giya da na aksil, inda ruwa ke shiga ta ramin shaƙar iska. Ka sa a kwance noti a ɗigo man a tafin hannu. Idan ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa na ciki, kuma wataƙila tsatsa ta riga ta fara cin haƙoran giya.