Nazarin Sinadaran Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa ta Hanyar Ƙididdiga: Daga Rumbun Sharar Nukiliya Zuwa Rijiyoyin Kudancin Jigawa

Kafin a binne sharar nukiliya akan fara nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin ta cikinsa guba za ta fito idan mazubi ya lalace. Rumbun Onkalo na ƙasar Finland yana cikin dutse, a zurfin fiye da mita 400. A irin wannan zurfi ana fatan samun ruwan da ba shi da iskar oksijin, saboda yuraniyom ba ya narkewa sosai a cikinsa.

Samfurin ruwa guda yakan ba da ma'aunai goma ko fiye, kamar sodiyom da kalsiyom da kulorayid. Dabarar PCA tana haɗa waɗanda ke hawa da sauka tare, ta taƙaita su zuwa ginshiƙai biyu ko uku. Da ita masu bincike a Äspö ta Suwidin suka rarrabe ruwan sama da na teku da na narkakkiyar ƙanƙara da tsohon ruwan gishiri.

Wannan dabara za ta yi amfani a Birnin Kudu da Gwaram, inda ake haƙa rijiyoyin burtsatse cikin dutsen giranit, wanda kan ƙunshi yuraniyom da fulorayid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 30 na yuraniyom da miligiram 1.5 na fulorayid a kowace lita. Idan nitiret ya bi kulorayid, a tuhumi masai ko taki, a gyara kewayen rijiyar. Idan kuwa fulorayid ya bi sodiyom, daga dutse yake, sai tacewa ko sauya rijiya.