Faifan makaho da ya ci duniya a shekara ta 1976

Yau za mu waiwayi wani tsohon faifai na waƙoƙi da ya fito a ƙasar Amurka ran 28 ga watan Satumba na shekara ta 1976. Sunansa Songs in the Key of Life, ma'ana waƙoƙin zaman duniya. Mai shi kuwa wani baƙar fata ne, Stevie Wonder, makaho tun yana jinjiri.

An haife shi a shekara ta 1950 a garin Saginaw, cikin jihar Mishigan. Bakwaini ne, kuma tun yana gidan likita idanunsa suka mutu. Amma uwarsa ba ta miƙa masa ƙwaryar bara ba. Ya koyi ganga da piyano da wata ƴar mabusa ta ƙarfe. Yana da shekara 11 kamfanin Motown na birnin Detroit ya ɗauke shi, daga baya kuma ya yi karatu a lakkol ɗin makafi ta Mishigan.

A shekara ta 1975, lokacin da sunansa ya gama duniya, sai ya yi niyyar barin waƙa, ya koma Gana ya taimaki yara naƙasassu. Daga bisani ya sake shawara, ya duƙufa ga wannan aiki. Ya yi wajen shekara 2 yana gyaransa, mutane fiye da 100 suka sa hannu a ciki. Da aka gama, waƙoƙi 21 ne, cikin manyan faya-fayai 2 da ƙarami 1. Tun makon fitowarsa ya hau bisa dukan faya-fayan da ake saye a Amurka, ya yi mako 14 a nan.

Mene ne a ciki? Akwai Isn't She Lovely, wadda ya yi don murnar haihuwar ɗiyarsa, Aisha. Har kukan jariri ana ji a farkonta. Akwai Sir Duke, yabon babban makaɗi Duke Ellington da ya rasu a 1974, kamar yadda makaɗanmu ke tuna iyayen gidansu. Akwai Village Ghetto Land: kiɗan mai taushi ne kamar na fada, amma maganar ta yunwa ce da talaucin unguwannin baƙaƙe. A cikin Black Man ya lissafa mutane na kowane launi da suka yi wa Amurka aiki, ana jin malamai suna tambaya, ƴan makaranta suna amsawa. Wata kuma, Ngiculela, ya fara ta da harshen Zulu na Afirka ta Kudu.

A farkon shekara ta 1977 ya zo Legas wajen FESTAC, babban bikin al'adun baƙar fata. Yana Nijeriya aka ba faifan kyautar Grammy ta faifan shekara, karo na 3 ke nan da ya samu wannan kyauta cikin shekara 4. Ta tauraron ɗan adam aka nemi a haɗa shi da masu bikin a Amurka, sai dai maganar ba ta fita sosai ba.

Faifan bai tsufa ba. A 1995 mawaƙi Coolio ya ɗauki kiɗan Pastime Paradise ya gina waƙarsa Gangsta's Paradise a kai, ita ma ta ci kasuwa. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Stevie Wonder manzon zaman lafiya mai kula da sha'anin naƙasassu. A 2024 kuma ƙasar Gana ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa.

To, yau saurayi a Issawane, ko Mayahi, ko Tasawa, yana iya jin waƙoƙin nan a wayar salula, ko da ba ya jin Ingilishi. Amma in ya gama saurare, ya dubi garinsu. Ina yaron makaho yake wuni? Sau da yawa a bakin kasuwa ko tasha, da ɗan jagora, shi ma jagoran ya rasa lakkol. Ga shi kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da sanin baiwar makafi wajen hadda da zaƙin murya. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane, inda yara ke koyon rubutun Braille, wanda ake karantawa da yatsu.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kun san daɗin ranar da mutum ya fara karanta sunansa da kansa. Hakimai, magadan gari da malaman lakkol, ya kamata ku ƙidaya yaran da ba su gani a garuruwanku, ku zauna da iyayensu, a nema musu hanyar karatu. Ba kowane ne zai zama mawaƙi ba, amma kowane yana da abin da zai iya in an koya masa.