Darajar Gidan Da Aka Bar Gyaransa Rabi

Ku sani duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina ba zai rasa ganin gidan da aka kware wa rufi don a ɗora masa bene ba: bulo ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi cirko-cirko yana kallon sama, yashin da aka jibge a ƙofa ya zama makwancin awaki, magina kuwa sun watse tun bara. Mai irin wannan gida yakan yi lissafi a zuciyarsa, ya haɗa darajar gidan ta dā da abin da ya zuba a gyara, ya ce ga abin da na mallaka. Ran da jari ya karye ya ɗauki takardar gida ya nufi banki neman lamuni, ran nan yake jin wani lissafi dabam.

Banki ba ya karɓar maganar mai gida, ba ya karɓar ta dillali. Akwai masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, waɗanda aka kafa hukumar yi musu rajista a 1975, su ake aikawa. Shi kuwa mai ƙiyasi ba ruwansa da abin da gidan zai zama. Abin da idonsa ya gani ran da ya zo, shi yake rubutawa. Yakan ba da adadi biyu: kuɗin da gidan zai yi in an sayar a natse, da kuɗin da zai yi in an tilasa sayarwa cikin gaggawa. Na biyun yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku na na farkon, kuma shi banki ke duba, don shi tunaninsa yana kan ranar gwanjo.

To, bari mu buga misali da adadin da muka ƙaga don a gane. A ce gida yana zaune lafiya da rufinsa, ya kai naira miliyan 30, na gaggawarsa ke nan miliyan 20. Mai shi ya kware rufi, ya kashe miliyan 6, aiki ya tsaya. Mai ƙiyasi ya duba irin gidajen da aka sayar a unguwar, ya ga in an gama benen gidan zai yi miliyan 40. Sai ya cire miliyan 12 da aikin ke nema kafin ya ƙare. Sa'an nan ya sake cire kamar miliyan 4, gama mai saye ba zai gāji wahalar birkila da kafinta kyauta ba, bai kuwa san irin rodin da aka binne cikin ginshiƙi ba, ko tushen gidan zai ɗauki bene. Saura miliyan 24, na gaggawa 16. Watau mutum ya fitar da miliyan 6 daga aljihunsa, abin da banki ke gani kuwa ya ragu da miliyan 4. Abin da za a ba shi ma ƙasa da wannan ne, in kuwa da tsohon bashi a kan gidan, sai an zabge shi tukuna, rarar da ta saura ita ake ba da lamuni a kanta.

Mai karatu zai lura miliyan 18 ne duka kuɗin gyaran, amma miliyan 10 kaɗai ya ƙara wa gidan. Ba kuskuren alƙalami ba ne. Gida ba ya wuce unguwarsa da nisa. Ka shimfiɗa tayil na ƙasar waje a lungun da mota ba ta shiga, mai saye kuɗin lungun zai biya.

Tsayawar aiki kuma ba tsayawar asara ba ce. Kowace damina ruwa na bin bangon da ba shi da rufi, rodin da ke waje yana tsatsa, katako yana rubewa, simintin da aka ajiye ya daskare ya zama dutse. Farashi ma ba ya jiran kowa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, alhali shekarar da ta gabace ta wajen rabin haka aka saye shi. Wanda ya ajiye aikinsa a 2023 yana cewa saura kaɗan, da ya komo sai ya tarar kaɗan ɗin ta ninka.

Sai maganar takarda, a taƙaice. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar gwamna sai da yardar gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina ta Bankin Savannah saboda rashin wannan yarda. Haka kuma benen da aka ɗora ba tare da izinin hukumar tsara birni ba, kamar KNUPDA a Kano, yana iya jawo tara ko rusau, don haka banki ba ya sakin jiki da shi.

Malamai sun fi mu sanin babin jingina a cikin Risala da sauran littattafan Malikiyya, cewa ba ta cika sai an karɓi abin an riƙe, kuma in bashi ya gagara ba cinye kayan ake yi ba, sayarwa ake yi, mai bin bashi ya ɗauki hakkinsa, ragowar ta koma ga mai ita. To, ragowar nan ita kango ke ci. Gidan da ba a iya kwana cikinsa masu tayinsa kaɗan ne, su ma masu neman ɓagas. Kada kuma wani ya zaci bankunan da ba sa cin riba, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, za su kau da kai. Su ma jingina suke nema, su ma mai ƙiyasi suke aikawa.

A ganinmu, wanda ya san kuɗin hannunsa ba zai kai shi ƙarshe ba, gara ya je banki tun rufin yana kansa, da zanen aikin da lissafin kayansa, a ƙiyasta gidan yana cikakke, a riƙa sakin kuɗi mataki-mataki ana duba aiki. Wanda kuwa ya riga ya kware, kada ya watsa ɗan abin da ya rage a fenti da ƙyauren ƙofar waje. Ya mai da rufi, ya gyara makewayi da madafa, ya jona wuta da ruwa, a sami sashe guda da iyali za su zauna. Ya adana rasit na kaya da takardar izini. Kana ya sake kiran mai ƙiyasi, ko da zai biya lada na biyu, domin takardar ƙiyasi tana ɗauke da kwanan wata, ta farko kuwa kango ta gani.