Ƙasashen Da Daminarsu Ke Zuwa Da Sanyi

Ruwan saman da ke sauka a birnin Rum na ƙasar Italiya a shekara kusan daidai ya ke da wanda ke sauka a Kano, watau wajen milimita 800 ko sama da haka kaɗan. Amma da manomin Kano zai ɗauki irin geronsa ya tafi can, ya shuka cikin watan Yuni yadda ya saba, to, asarar iri kurum zai yi. Dalili kuwa, a watan Yuli da Agusta, sa'ad da Kano ta ke tsakiyar marka, can sama garau ta ke, ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwansu sai wajen Oktoba ya ke kankama, ya yi ƙarfi a Nuwamba, ya riƙa zuwa har Afrilu. Watau daminarsu da sanyi ta ke zuwa, zafinsu kuma rani ne.

Masana suna kiran wannan yanayi da sunan Bahar Rum, domin ƙasashen da ke gewaye da wannan teku su ne suka fi yawansa: Sifen, Italiya, Girka, Turkiyya, Labanan, da gaɓar Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Ban da nan akwai shi a wurare huɗu kaɗai: Kalifoniya ta Amurka, da tsakiyar ƙasar Cile, da kewayen birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, da kudu maso yammacin Ostireliya har da wani yanki na kudancinta. In an haɗa su duka ba su wuce kashi 2 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya ba. Duk da haka mutane sai rububinsu su ke yi.

Abin Da Ya Kawo Haka

Akwai wata busasshiyar iska da ke saukowa daga sama ta danne hamadar Sahara, ta hana hadari haɗuwa. Wannan iska ba zaune ta ke wuri ɗaya ba, bin rana ta ke yi. In rana ta karkata arewa, daga Mayu zuwa Satumba, sai ta matsa arewa ta rufe Bahar Rum. Matsawar nan tata kuwa tana cikin abin da ke buɗe wa iskar teku hanya ta shigo Afirka ta Yamma da damina. In rana ta koma kudu, busasshiyar iskar ta biyo ta, hunturu ya sauka a Kano, can kuma iskar yamma ta samu ƙofa ta kwaso gizagizai daga tekun Atlantika. Ashe juyi ɗaya ne ke ba wani ruwa ya hana wani.

A gaɓar Kalifoniya da Cile da Kef Tawun kuma ruwan tekun mai sanyi ne ainun, saboda haka iskar da ke busowa daga kansa tana kashe kaifin rana. A birnin San Faransisko mutum ya kan nemi rigar sanyi da yamma ko a watan Yuli.

Abin Da Ke Jawo Manomi

Babbar ribar manomin waɗannan ƙasashe ita ce amfaninsa yana nuna cikin rana, babu ruwan da zai taɓa shi. A ƙasashen kurmi, kamar Ikko ko Fulorida ta Amurka, zafi da laima tare su ke tafiya, shi ya sa funfuna da ƙwari da ciyawa ba su da hutu. Inabi in ya sha ruwan sama yana dab da nuna, sai ya tsage ya ruɓe. Amma inda rana ta ke yi wata uku ko huɗu ba ƙaƙƙautawa, zaƙi ya kan taru a cikin ɗan itace, cuta kuma ta yi sauƙi. A Kalifoniya a kan tsinke inabi a ƙarshen Agusta, a shanya shi bisa takarda a tsakanin kunyoyi, bayan mako biyu ko uku ya zama zabibi. Haka mutanen yammacin Turkiyya, wajen Izmir, su ke shanya ɓaure, kuma babu ƙasar da ta kai su nomansa.

Alkama da sha'ir a kan shuka su da farkon ruwa, su yi ta girma a hankali cikin sanyi, a girbe su a Mayu ko Yuni sa'ad da gari ya bushe. Hatsi ya shiga rumbu a bushe sarai.

Sarkin itatuwan wurin kuwa shi ne zaitun. Ganyensa ƙanana ne masu tauri, ba su zubar da ruwan jikinsu, saiwarsa kuma tana bazuwa nesa. Ya kan jure fari, ya rayu shekaru ɗaruruwa. Amma sai ya sha sanyi tukuna ya ke yin fure sosai, shi ya sa ba safai ya kan yi 'ya'yan kirki a ƙasashen da ba su da sanyi mai ƙarfi ba. In shekara ta yi kyau, Sifen kaɗai tana fitar da kusan rabin man zaitun na duniya, galibinsa daga lardin Andalus.

Manoman Cile da na Kef Tawun suna da wata riba dabam. Da ya ke suna kudancin duniya, watanninsu a juye su ke, inabinsu yana nuna daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da gonakin Turai da Amurka ta Arewa ke kwance cikin sanyi. Sai su loda wa jiragen ruwa, su tarar da kasuwa ba mai ja da su.

Ba manomi kaɗai ke sha'awar wurin ba. Zafin da babu laima ba ya gallabar jiki kamar na kurmi, gumi na fita yana bushewa, sanyin kuma ba ya kai na arewacin Turai. A shekarar 2023 baƙi wajen miliyan 85 suka ziyarci Sifen, da yawansu rana suka je sha a bakin teku.

Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi

To, amma ranar da ke nunar da inabi ita ce ke ƙafar da rafi. Lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, lokacin ne babu shi. Lemo da tumatir da sauran kayan lambu sai da ban ruwa, kuma tun zamanin da ruwa ne abin rigima. Larabawan da suka mulki Andalus sun bar magudanan ruwa da yawa, har yau kuwa a birnin Balensiya manoma suna da kotun ruwa. Kowace Alhamis da tsakar rana alƙalanta, waɗanda su ma manoma ne, su kan zauna a ƙofar babbar majami'ar garin, su saurari ƙarar wanda aka tare wa ruwa, su yanke hukunci nan take da baki.

Birnin Los Anjalas ya janyo ruwa daga kwarin Owens a 1913, tafiyar kilomita 375. Birni ya bunƙasa, amma kafin 1930 tafkin kwarin ya ƙafe, manoman wurin da yawa suka rasa abin yi.

Kuma in daminar sanyi ta ƙi, babu wata a baya. Bayan shekara uku na ƙarancin ruwa, a watan Fabrairu na 2018 hukumar Kef Tawun ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, aka kuma rage wa manoma ruwan ban gona ƙwarai. A kakar 2022 zuwa 2023 fari da zafi suka rage man zaitun na Sifen da fiye da rabi, kuɗinsa ya ninka a kasuwannin duniya. Ga kuma gobarar daji, domin ciyawar da ta yi kauri da sanyi ita ce makamashi da zafi. A Yuli na 2018 wuta ta halaka mutum fiye da 100 a wani gari na bakin teku kusa da Atina, babban birnin Girka. Makiyaya ma suna ji a jikinsu: da zafi sai a kora tumaki kan duwatsu neman ɗanyar ciyawa.

Kowa Da Rabonsa

In an auna, kowane yanayi da abin da ya fi wani. Kurmi yana ba da koko da kwakwar manja da ayaba, ba ruwan manomi da haƙa magudana. Ƙasar gero da dawa kuwa zafi da ruwa tare su ke zuwa mata, har talaka mai fartanya da ƙwaryar iri ya ciyar da gidansa cikin wata huɗu. Manomin Bahar Rum da na Kalifoniya suna samun kaya masu tsada, amma da jari mai nauyi: madatsar ruwa, da injin, da itacen da sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya fara biyan mai shi.

Mai noman rani ya riga ya ɗanɗana sirrin waɗannan ƙasashe. Alkamar da a ke shukawa a Kadawa cikin Nuwamba da ruwan madatsar Tiga, ta girma cikin hunturu, a girbe ta a Maris, ba wani abu ya sa ta ke yi ba sai sanyi lokacin girma da busasshiyar rana lokacin nuna. Haka tumatir da albasa na fadama su ka fi na damina lafiya. Rana kam ba ta yi wa kowa rowa ba. Abin da ya raba mai girbi da mai kallo shi ne wanda ya iya tare ruwan daminarsa, ya yi tattalinsa, ya kuma raba shi da maƙwabtansa bisa adalci.