ZAƁEN MADANNIN KACAR INJIN BABUR

Malamai da akawuna masu babur sun san kacar baya, domin ido na ganinta. Amma a kan wasu babura akwai kaca ta biyu a ɓoye cikin murfi, tana iyo cikin mai. Ita ke ɗauko ƙarfi daga inji ta kai wa kuloci. Yau da gobe takan saki, don haka ake sa mata madanni, watau wani ƙarfe mai fuskar roba wanda ke tokare ta.

Ba kowane babur ke da ita ba. Yawancin ƙananan baburan Japan da Indiya da Sin haƙoran giya ne ke musu wannan aiki. Maganarmu ta shafi irin su tsofaffin Triumph da BSA na Ingila, da Harley-Davidson na Amurka.

A da, injin baburan Ingila daban yake da akwatin giya. In kaca ta saki, sai a kwance noti a ja akwatin baya, sa'an nan a sake daidaita kacar baya. Da aka haɗa inji da giya cikin gida guda, kamar yadda Triumph ya yi wa manyan baburansa a 1963, ba sauran abin ja, sai madanni.

Madanni iri biyu ne. Akwai na hannu, wanda sai an buɗe an auna an ɗaure. Akwai kuma mai ɗaure kansa, wanda Harley-Davidson ya fara sa wa Dyna a 2006, sauran manyan baburansa a 2007. Wannan yana hutar da mai shi, amma gaba kaɗai yake ci, ba ya komawa baya. In ya zarce, haka kaca za ta zauna a ɗame.

To, a nan hatsarin yake. Kacar da ta saki takan yi ƙara tana dukan murfi, mai babur ya ji ya gyara. Wadda ta ɗame ainun kuwa a hankali take cin boris na inji da na giya, sai ɓarna ta yi nisa a farga. Ga manyan Harley masu madannin hannu, ƙa'ida ita ce kaca ta yi wasan inci 5/8 zuwa 7/8 in inji na sanyi. A juya ta, a auna inda ta fi tsauri, gama kaca ba ta cinyewa daidai.

Shawararmu ita ce, mutum ya duba halinsa kafin ya saya. Wanda ya san zai riƙa buɗe murfi a kan lokaci, na hannu ya fi masa. Wanda aikin ofis ko na aji ba ya barinsa, ya ɗauki mai ɗaure kansa, amma makaniki ya riƙa duba shi in an zo sake mai. Kowanne aka zaɓa, a tabbata na irin babur ɗin ne da shekararsa. Kada a bi araha, domin kuɗin madanni bai kai na buɗe inji ba.