Tseren Tsauni a Ingila da Gudun Farauta a Ƙasar Katsina

A arewacin Ingila akwai wani wasan gudu da ake yi a kan tsaunuka masu ciyawa da tsananin gangara. Turawa suna kiran irin wannan tsauni fell, kalmar da suka gada daga tsohon harshen mutanen Nowe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wasan, da neman makamancinsa a wajen Hausawa.

Asalin wasan daga makiyayan tumaki ne da masu yi wa baƙi jagora, waɗanda kan gwada ƙafa a bukukuwan ƙauye, kamar na Girasmiya, tun ƙarni na 19. A 1932 Bob Graham ya taka ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24, a 1970 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan tsere. Abin lura shi ne, sau da yawa ba a shata wa ɗan tsere hanya. Wuraren da zai taɓa kawai ake faɗa masa, shi ya zaɓi inda zai bi. Watau sanin ƙasa yana daidai da ƙarfin ƙafa.

Wajen raɗa masa suna, kalmar tudu ba ta isa ba, domin kowace ƙasa da ta ɗaga tudu ce. Dutse kuwa yana nuni ga ƙanƙarar dutse irin na Kwatarkwashi. Don haka tseren tsauni ya fi dacewa.

Jibiya, garin kasuwa da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ba ta da irin waɗannan tsaunuka. Jigawa da faƙo suka fi yawa. Amma akwai gudun da ya yi kama da wancan, watau gudun farauta. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan fita da karnuka da gora, makaɗi na zuga su. In zomo ko gada ta tashi, babu hanyar da aka shata. Wanda ya san kwari da kwazazzabo shi yake tare gaba, ya riga kowa.

Bambancin yana nan: Turawa sun raba gudun da kiwo, suka sa masa agogo da rubutacciyar doka, ya tsaya da ƙafarsa. Namu kuwa yana ɗaure da daji. Da 'yan bindiga suka mai da Dajin Rugu maɓoya, fita farauta a yankin ta zama kasada. In aka daina fita, kirarin mafarauta da sunayen wurare da kalmomin sana'ar za su bi ta. Ya kamata manazarta su je wurin dattawan mafarauta na Jibiya da Batsari da Safana, su ɗauki waɗannan a rubuce tun suna raye.